Jin Kamar Ƙwari na Yawo a Jiki: Kemis, Mai Maganin Gargajiya ko Asibiti?

A zangunan Kumasi, daga Asawase da Aboabo har zuwa Alabar da Tafo, ba a rasa mai kukan cewa wani abu yana tafiya a jikinsa. Wani zai ce kamar kiyashi ne ke bin ƙafafunsa da zarar ya kwanta, wata ta ce tsutsa ce ke motsi a ƙarƙashin fatar kanta, wani kuma ya ce cizo yake ji nan da can, amma idan ya haska fitilar waya ya duba sai ya tarar da fata lafiya lau. Wanda abin bai taɓa samu ba yakan raina shi, alhali yana hana barci, yana hana natsuwa a sallah, yana kuma sa mutum ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Wurare uku mutanenmu suka saba nufa: kemis na bakin titi, sannan mai maganin gargajiya ko malami, sai asibiti, wanda galibi ba a zuwa sai sauran biyun sun gaza. A ganina wannan jeri a juye yake ga mafi yawan masu fama, ko da yake akwai yanayin da kemis ya wadatar, kuma akwai abin da malami yake yi wa mara lafiya wanda likita bai cika samun lokacin yi ba.

Abin da ya sa zaɓin yake da wuya shi ne, jin tafiyar ƙwaro yana iya tasowa daga wuri uku daban-daban, kuma mai shi ba zai iya bambance su da jin kawai ba. A cikin fata akwai siraran jijiyoyi masu ɗaukar saƙon taɓi da na ƙaiƙayi, su bi da shi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ƙwaro na gaske ya taɓa fata, saƙo ya tafi. Idan jijiyar ce ta lalace, sai ta riƙa aika saƙon da kanta ba tare da wani abu ya taɓa ta ba, kamar ƙararrawar gida da wayarta ta haɗe, tana ta kaɗawa alhali babu kowa a ƙofa. Idan kuma ƙwaƙwalwa ce ta shiga wani hali, saboda ƙwaya, ko rashin barci, ko damuwa, ko wata cuta tata, ita ma tana iya haifar da jin nan sarai. A duka ukun mutum gaskiya yake faɗa, ba raki yake yi ba. Tsananin jin kuwa ba ya nuna musabbabinsa. Abin da ke nunawa shi ne inda yake a jiki, da lokacin da yake tashi, da abin da ido ya gani a fata, da kuma ko akwai wani a gidan da shi ma yake susa.

Idan da gaske akwai ƙwaro

Ƙazuwa ce ta farko da ya kamata a yi zato a unguwanni irin namu, inda gidan haya guda yake ɗauke da iyalai da yawa, yara suna kwana a katifa ɗaya, 'yan kayayo, wato mata masu dakon kaya a ka, kuma suna cunkushe a ɗaki ɗaya kusa da kasuwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda macensa ba ta kai rabin milimita ba; tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazuwa cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a shekarar 2017, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci. Alamunta ba sa ɓuya ga wanda ya san inda zai duba: ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, da wuyan hannu, da hammata, da ƙugu inda mazagi ke zama, da kewayen cibiya, da al'aurar maza, da ƙarƙashin nonon mata, ga jarirai kuma har tafin hannu da tafin ƙafa. Ƙaiƙayin yakan tsananta da dare. Wanda ya kamu karo na farko yana iya yin mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai, kuma a wannan tsakanin yana yaɗa ta, shi ya sa ake ganin ɗalibi ya dawo hutu daga makarantar kwana, bayan wata guda gida duka ya ɗauki susa.

Maganinta yana da araha kuma yana aiki, matuƙar an yi shi yadda ya kamata. Akwai man shafawa na permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, a bar shi awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan mako guda domin ƙwan da suka ƙyanƙyashe. Akwai ruwan benzyl benzoate, wanda ya fi araha amma yana da raɗaɗi a fatar da aka sosa, kuma sai an sirka shi kafin a shafa wa yara. Akwai ƙwayar ivermectin da likita ke rubutawa gwargwadon nauyin mutum, ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a shafa wa mai susa shi kaɗai a bar sauran 'yan ɗaki. Dole ne duk wanda ke kwana tare da shi ya shafa a dare ɗaya, ko yana ƙaiƙayi ko ba ya yi, a wanke zannuwa da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa kuma a ɗaure shi a leda na kwana 3 zuwa mako guda, tunda ƙwaron ba ya daɗewa da rai idan ya rabu da jikin mutum. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kuma wannan ba dalilin ƙara shafawa ba ne. Mutane da dama a nan suke ƙona fatarsu, suna zaton maganin bai ci ba.

Kuɗin cizo ya bambanta da ƙazuwa ta fuskar cewa ba a jiki yake zaune ba. A ɗinkin katifa da tsagar gado da bayan kalanda yake ɓuya, yana barin baƙaƙen ɗigo a zanin gado, cizonsa kuma yakan jeru a hannu da wuya da sauran wuraren da tufa ba ta rufe ba, don haka ɗaki ake yi wa magani, ba fata ba. Ƙwarƙwata ana ganinta da ido, ita da ƙwanta. Akwai kuma tsutsar da ke fitowa daga kashin kare da kyanwa, wadda ke shiga ƙafar mai tafiya ba takalmi a rairayi mai damshi, kuma ita tana barin jan layi mai lanƙwasa da ke matsawa gaba kowace rana. Wanda ya daɗe yana noma ko kamun kifi a bakin manyan koguna, inda baƙin ƙuda ke cizo, ya gaya wa likita hakan, domin cutar makanta ta bakin kogi da ƙaiƙayi mai tsanani take farawa. Sannan kada a manta da hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu fata takan bushe ta tsattsage, musamman ta tsofaffi, har mutum ya riƙa jin kamar ana tafiya a ƙaurinsa, kuma sau da yawa man kaɗanya bayan wanka da rage sabulu mai ƙarfi sun isa.

A wannan rukuni ne kemis yake da amfani na gaske. Yana kusa, yana buɗe har dare, babu layi, kuma idan mutum uku a ɗaki ɗaya suna susa da ƙuraje a tsakanin yatsu, mai harhaɗa magani da ya yi karatun aikin zai gane ƙazuwa ya ba da abin da ya dace. Sai dai a bambance tsakanin babban kantin da ke da irin wannan ma'aikaci da ƙaramin shagon da lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Raunin kemis kuwa shi ne ba ya cire wa mutum riga ya duba shi, ba ya bin tarihin lafiyarsa, kuma abin da aka faɗa masa a tsaye a gaban jama'a shi zai yi aiki da shi. Wanda ya ce jikinsa na ƙaiƙayi yakan fito da ƙwayar rage ƙaiƙayi ta Piriton da maganin tsutsar ciki da wani man shafawa mai haɗe-haɗe. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi sinadarin sitiroyid kamar betamethasone ko clobetasol, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma ya rage wa fata ƙarfin kare kanta, ƙazuwa ta yaɗu a ɓoye, alamunta su jirkice har likita ma ya sha wahalar gane ta. Masu shafa man bilicin suna cikin wannan hatsarin ko da ba su je kemis ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan fage shi ne komawa ga maganin ƙwari. Wanda ya yi wata uku bai yi barci ba yana iya shafa kananzir, ko ya zuba Dettol mai yawa ko ruwan wankin banɗaki a bokitin wanka, ko ya fesa maganin ƙwari mai suna DDVP a katifar da zai kwanta a kai. DDVP guba ne da ke shiga ta fata da ta numfashi, yana kuma lalata jijiyoyin da ake kuka da su tun farko. A shekarar 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an yi amfani da wani maganin ƙwari mai sinadarin aluminium phosphide a cikin gida, alhali an yi shi ne don rumbun hatsi. Babu wani nau'in jin ƙwari a jiki da maganinsa yake cikin kwalbar feshi.

Idan fata lafiya take, kuma mutum shi kaɗai yake ji

A nan lissafi ya sauya gaba ɗaya, domin kemis ba shi da abin da zai gano musabbabin da shi, mai maganin gargajiya ma haka. Babban abin zargi shi ne ciwon sukari. Sukarin da ya daɗe yana sama yana cinye siraran jijiyoyi, yana farawa da mafi tsawo, shi ya sa jin yake somawa daga yatsun ƙafa biyu a tare, ya hau idon sawu a hankali, daga baya ya kama hannuwa. Mai shi zai ce kamar tururuwa, ko kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa na zafi kamar an shafa barkono, wani lokaci kuma silifa ta fita daga ƙafarsa bai sani ba. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu, kuma akwai waɗanda ta wannan kukan ne aka fara gano suna da ciwon. Gwajin ba shi da wuya: idan an auna jini da safe kafin a ci komai aka samu 7.0 ko sama da haka a ma'aunin da asibitocin Ghana ke amfani da shi, aka kuma maimaita aka sake samu, to ciwon sukari ne. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika dawowa ba, don haka kowane watan da aka ɓata ana shafe-shafe asara ce da ba a mayarwa.

Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo irin wannan jin, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna shan maganin sukari mai suna metformin, kuma allura ko ƙwaya tana gyara shi idan an gano da wuri. Sai dai ba daidai ba ne mutum ya ɗora wa kansa haɗin bitamin B na wata da watanni ba gwaji, domin B6 idan ya yi yawa shi kansa yana ɓata jijiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yawaita ga mata masu ciki da masu zubar jinin al'ada da yawa, yana haddasa wani yanayi da ƙafafu ke hana mutum sakat da yamma, yana jin motsi a cikin ƙauri, sai ya tashi ya taka sannan ya ji sauƙi, kuma Piriton ƙara tsananta shi yake yi. Ciwon ƙoda da na hanta suna sa ƙaiƙayin jiki duka ba tare da ƙurji ba. Matan da al'ada ke ɗauke musu sukan ji tafiyar ƙwari tare da zafin jiki da zufar dare. Ƙanjamau, da kuturta, da ciwon maƙoƙo mai rikita sinadaran jiki, da ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki daga ƙwayar cutar ƙarambau, duk suna cikin jerin. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid yana taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da B6. Manya kuwa ba su manta da ƙaiƙayin kulorokwin ba, kafin Ghana ta daina sa shi a gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro a 2004.

Akwai ɓangaren da ba a son faɗa a gaban iyaye, amma ɓoye shi yana ɓatar da likita. Tramadol yana sa ƙaiƙayi yayin da ake shansa, idan an yanke shi kwatsam kuma jiki ya riƙa jin tafiyar ƙwari da rashin barci da fargaba. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, amma masu 120 da 225 sun daɗe suna yawo a hannun matasa masu aikin ƙarfi da masu tuƙin dare. Hodar ibilis ta shahara da sa mai shanta ya riƙa tonon fatarsa yana neman ƙwari. Mafi hatsari shi ne wanda ya daɗe yana shan giya kullum sannan ya bari rana ɗaya, ko don tuba ko don azumi ya kama: bayan kwana 2 zuwa 3 yana iya fara rawar jiki, da zufa, da ganin ƙwari a bango da jikinsa, har da jijjiga. Wannan yana kisa, kuma wurinsa sashen gaggawa ne a wannan daren. Niyyar bari abar yabo ce, amma a yi ta a hannun likita.

Fifikon asibiti a nan a fili yake: wuri ɗaya ne da za a duba fatar da kyau, a kankare ta a sa a madubin likita idan akwai shakka, a gwada jin ƙafa da siririn zare na roba, a auna sukari da yawan jini da aikin ƙoda da hanta, a kuma bi magungunan da mutum ke sha ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an fara da Komfo Anokye ba, wanda mutanen gari ke kira Ji. Asibitin koyarwa ne da ya fi karɓar waɗanda aka turo da takarda. Asibitocin gwamnati na Manhyia, Tafo, Suntreso da Kumasi ta Kudu sun isa matakin farko, daga nan a tura mutum wurin likitan fata ko na jijiya idan da buƙata. Wahalarsa ita ce sammako da layi da asarar yinin kasuwa, kuma ba kowane gwaji ko magani ne katin inshorar lafiya ke ɗauka ba, ko da yake ganin likita da kula da ciwon sukari suna ciki, ana kuma sabunta katin ta waya da lambar *929#. Idan aka tara kuɗin mayuka da ƙwayoyi da feshi da kwalaben gargajiya na wata shida, da wuya su gaza kuɗin gwajin nan. Maganin jijiya kuwa, irin su amitriptyline kaɗan da dare, ko gabapentin, ko pregabalin, yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, yana sa barci da jiri, ana kuma rage shi ga mai ciwon ƙoda, saboda haka ba abin da za a saya don maƙwabci ya ce ya yi masa amfani ba ne.

Idan daga ƙwaƙwalwa ne

Likitocin Afirka ta Yamma sun daɗe da lura cewa mutanenmu ba su cika cewa suna baƙin ciki ko fargaba ba. Abin da suke kawowa shi ne zafi a tsakiyar kai, da nauyin ƙirji, da wani abu mai rarrafe daga kai zuwa baya. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara da kuɗin haya, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, yana iya kwana yana jin motsin nan ba tare da ya haɗa shi da halin da yake ciki ba. Irin wannan yakan yi sauƙi idan an magance damuwar da rashin barcin, ta hanyar zantawa da ƙwararre ko da magani.

Akwai kuma wani mataki da ya fi wannan nauyi, wanda wani likitan jijiya ɗan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi bayaninsa a 1938. Mai shi ya tabbata babu tantama cewa ƙwari sun mamaye jikinsa, kuma babu gwajin da zai kawar masa da wannan yaƙinin. An fi ganinsa ga mata da suka haura shekara 50. Sukan zo wurin likita da gidan ashana ko ƙullin leda ɗauke da ɓawon fata da zare da busasshen jini, su ce ga ƙwarin. Sukan yi wanka sau da yawa a yini, su ƙona katifa, su daina ɗaukar jikoki don kada su shafa musu, wani lokaci har wani a gidan shi ma ya fara ji. Ciwukan da ke jikinsu a inda hannu ke kaiwa suke, tsakiyar baya kuwa sumul. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta binciki mutum 115 masu kukan zare na fitowa daga fatarsu, ta fitar da sakamako a 2012, ba ta sami wata ƙwayar cuta ba, yawancin zaren kuma na auduga ne. Wannan ciwo yana jin magani: ƙwayoyi irin su risperidone ko olanzapine ko aripiprazole, kaɗan-kaɗan, sukan kwantar da jin cikin makonni, ana ci gaba da su na watanni a ƙarƙashin kulawar likita saboda suna iya ƙara ƙiba da sukari. Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gundumomi ma suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni, ba sai an kai mutum manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba.

Wuyar ita ce kai mara lafiya wurin, kuma a nan iyali suke gyarawa ko su ɓata. Ɗan da ya ce wa mahaifiyarsa babu komai a jikinta ya rufe hanyar magana, wanda kuma ya duba ledar ya ce ai ga su nan ya ƙara dasa mata abin. Akwai hanya ta tsakiya wadda babu ƙarya a cikinta, kamar ya ce: "Inna, na san kina shan wahala, na ga ba kya barci. Ni ban ga ƙwaron ba, amma na yarda kina jin sa. Mu je a auna jininki a duba fatar, kuma akwai maganin da ke kwantar da wannan jin ko mene ne ya kawo shi." Tsoho ko tsohuwar da abin ya fara wa kwatsam tare da ruɗewa kuwa, a kai shi a ranar, domin zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko wani magani na iya zama sanadi.

Mai maganin gargajiya da malami suna da abin da ya sa ake rububinsu, kuma rashin adalci ne a musa. Suna zama su saurara, suna magana da harshen mara lafiya, ba sa nuna masa cewa hankalinsa ne ya taɓu, kuma addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanya natsuwar da ke rage fargaba, fargaba kuwa tana ƙara jin. Ban ga dalilin da zai sa mai zuwa asibiti ya bar ruƙiyya ba. Matsalar tana farawa ne idan aka yanke hukuncin cewa sammu ne ko jifa ko aljani kafin a auna sukari, domin wanda ya riga ya yi yaƙinin akwai halitta a jikinsa, wannan hukuncin yana kafe shi, har ya fara zargin kishiya ko maƙwabci. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abdurrahman bin Auf da Zubairu bin Awwam rangwamen sanya alhariri saboda ƙaiƙayin da ke damunsu, wato ya ɗauki ciwon fata a matsayin ciwon fata, ya nema masa sauƙi ta hanyar da ta dace da shi. Malamin da ya yi addu'a sannan ya ce a je a yi gwaji ya fi wanda ya hana zuwa, nesa ba kusa ba.

Ta fuskar jiƙe-jiƙe kuwa sai an yi hattara. Kwalbar wankin jini da ba a san abin da ke cikinta ba, idan ƙoda ko hanta ce tushen ƙaiƙayin, ƙara musu nauyi za ta yi. Tsaga da ƙaho a ƙafar mai ciwon sukari suna iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Wanda ya ce zai ciro tsutsa ko allura daga jikin mutum a gaban idonsa, a riƙe kuɗi a bar wurin. Wanda zuciyarsa ta fi kwanciya da maganin itatuwa yana da hanya mafi aminci: jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi tana horar da masana maganin tsirrai, wasu asibitocin gwamnati suna da sashensu inda ake gwaji kafin a ba da magani, kuma dokar shekarar 2000 ta kafa majalisar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista. A nemi shaidar rajistar, a kuma duba lambar hukumar magunguna a jikin kwalba.

Wanda ke da ƙurajen ƙazuwa a inda aka sansu, ga kuma wasu a ɗaki suna susa, ya fara da babban kantin magani, gida duka a dare ɗaya. Idan bayan mako 4 abin bai lafa ba, ko ƙurajen suka yi ruwa, ko fuskar yaro ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, sai asibiti, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga inda aka sosa suna iya taɓa ƙodar yara. Wanda ba shi da ƙurji, ko jin ya fara daga ƙafafu, ko ya haura shekara 40, ko yana rama da yawan fitsari da ƙishirwa, kada ya tsaya a kemis ko kaɗan. Idan jin ya zo kwatsam a gefe ɗaya na jiki tare da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nemi mota nan take. Ranar zuwa asibiti a tafi da safe ba a karya ba saboda gwajin sukari, kada a shafa komai a fata tun daren jiya, a zuba duk magungunan da ake sha da mayukan da ake shafawa a leda ɗaya, har da na gargajiya da na bilicin, a miƙa wa likita. Idan gwajin farko ya fito lafiya amma jin bai tafi ba, a koma wurin likitan nan da ya riga ya san tarihin, a tambaye shi ko an auna B12 da sinadarin ƙarfe da aikin ƙoda, kuma idan ya kawo shawarar ganin likitan ƙwaƙwalwa, a karɓi takardar a je.